Takalmin Sawu da Tayar Gaba

Tsayinsa santimita ɗari da hamsin da takwas ne, takalminsa kuwa lamba arba'in da biyar. Tun yana yaro aka laƙaba masa Sawu, domin in ya taka laka ya wuce sai a duba wurin a ce wani ƙato ne ya bi ta nan, a ɗaga kai a ga ɗan guntun yaro yana jan wando. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi wurin aiki, yau ma matarsa da shi take kiransa in ranta ya ɓaci.

Aikinsa kai jini. Akwai ƙananan asibitoci bakwai da ba su da injin gwaji. Su ɗebi jinin marasa lafiya a 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tattara, ya kai babban ɗakin gwaji kafin jinin ya lalace. Akwatin da yake goyawa yana cin kwalba arba'in, jeri huɗu, goma-goma, da ƙanƙara a ƙasa. Sauran masu wannan aiki babur suke hawa. Shi keken tsere yake hawa, siririn nan mai lanƙwasasshen hannu, kuma in hanya ta cushe yakan riga su isa, ya zauna a benci yana shan ruwa, su shigo daga baya suna zagin masu mota.

Amma ba za a gane abin da keken nan yake a wurinsa ba sai an san wansa.

Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ubansu ya bi ta ba da jimawa ba, sai ya tashi a hannun wansa, mai walda, wanda kowa a layin ke ce wa Yaya, har waɗanda suka girme shi. Yaya ƙato ne, wuyansa ya kai cinyar wani, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Ƙofofi yake yi da tagogi da gadajen ƙarfe, kuma aikinsa ba ya dawowa. Yadda ya ɗauki ƙarfe haka ya ɗauki mutum: abin da ya karkace a zafafa shi, a buga, ya miƙe. Ya ciyar da ƙanensa, ya sa shi makaranta, ya yi masa aure, ya kuma doke shi da duk abin da hannu ya kai, wayar wuta, bel, ƙotar guduma, bayan zarto. Kafin Sawu ya taɓa hawa keken tsere yana da tabo goma sha ɗaya a jiki, tara daga ciki aikin Yaya ne. Sai dai kuma babu mahaluƙin da ya isa ya ɗaga masa yatsa a unguwa. Wani ƙaton saurayi ya taɓa ƙwace masa ƙwallo ya mare shi, Yaya ya bi shi har ƙofar gidansu ya tsoma kansa a kwata a gaban uwarsa. Da ya dawo kuma ya zane Sawu saboda ya tsaya an mare shi.

Duk abin da Sawu ya mallaka sai da ya bi ta hannun Yaya. Gadon da yake kwana Yaya ya ƙera. Ƙofar ɗakinsa Yaya ya kafa. Matarsa ma Yaya ne ya gani ya ce ta yi. Keken nan kaɗai ne bai bi ta can ba. Shi ya gan shi rataye a rumfar wani tsoho mai gyaran keke, shi ya yi ciniki, shi ya turo shi gida, kuma tun ranar ya ƙudura a ransa cewa wutar Yaya ba za ta taɓa shi ba.

Tsohon nan a zamaninsa ya yi tsere, ƙafarsa ta hagu ma a can ta gurgunce. Kafin ya miƙa keken sai da ya kalli takalmin Sawu ya yi dariya har da tari. Ya sa shi ya hau ya dafa bango, ya ce ya kawo fedar dama gaba sosai, daidai da ƙasa, sannan ya juya hannun keken hagu. Sawu ya juya. Bayan tayar gaba ya zagayo ya daki kan takalminsa ya tsaya cak.

Tsoho ya yi masa bayani yana zaune a kan gwangwanin man giris. Keken tsere gajere ake yin sa don ya yi saurin juyi, tayar gaba a matso da ita kusa da feda. In mutum dogo ne, gangar kekensa doguwa ce, akwai fili. In gajere ne sai a rage gangar, amma taya tana nan da girmanta. To ga gajere, ga kuma ƙafar ƙato. A gudu babu abin da zai faru, domin mai gudu ba ya juya hannu, kwantar da keken yake yi. Sai a tafiyar hawainiya, wurin juyawa a lungu ko kauce wa rami, a nan hannu ke juyawa sosai, a nan taya ke neman yatsa. In ka juya hagu ƙafar dama take kamawa, in ka juya dama ta kama ta hagu.

"Keken ba shi da laifi, ɗana," in ji shi. "Ƙafar ce aka ba ka ta wani. A kan titi ba za ka ji ta ba, a ƙofar gida za ta kayar da kai."

Sannan ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa fok, ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da tayar gaba, ya ce ya saurari ƙarar. Wannan ba baƙin ƙarfe ba ne, alminiyum ne. Kada a buga shi, kada a lanƙwasa shi, kada wuta ta kusance shi. In ya sha wuta ya mutu, ko da ido bai ga komai ba.

Sawu mutum ne mai awo. Ya je gida ya ɗauko tef ɗin ɗinkin matarsa ya gwada: santimita huɗu takalmin ke shiga cikin hanyar taya. Ya cire madigadin gaba, ya samu ɗaya. Ya kai takalmin wurin mai gyara aka datse hancin roban, ya samu rabi. Ya ja madaurin feda, wanda ke riƙe kan takalmi, baya, ya ƙara samun rabi. Saura biyu, kuma biyun nan suka ƙi tafiya. Ya nemi gajeren ƙarfen feda kasuwa-kasuwa bai samu ba. Sai ya koma gyaran kansa. In zai juya a hankali ya daina taka feda, ya bar fedar ƙafar waje a ƙasa, in yana bukatar ƙarfi ya ɗan taka rabi ya mayar baya, rabi ya mayar baya. Kafin ƙafar ta haddace sai da ya faɗi sau uku. Na farko ya goge gwiwa, na biyu ya ɓantare haƙori, na uku ya faɗa kan tiren wata mai lemo ta bi shi da zagi har bakin titi. Madaurin feda yana da daɗin gudu, amma ranar faɗuwa ba ya sakin ƙafa da wuri. Duk ukun ya ɓoye wa Yaya. Haƙorin ma ce masa ya yi ƙashi ya tauna.

Daga nan shekaru suka tafi lafiya. Ya haifi 'ya'ya biyu. Ya canza sarƙa sau shida, taya ba adadi, bai fasa kwalba ko ɗaya ba.

Ranar da abin ya faru, rana tsaka ce, akwatin a cike. Ya bi wani lungu da ke bayan kasuwa wanda ke rage masa hanya, ya tarar wata babbar mota ta toshe shi ana sauke katako. Babu wucewa, sai dai a juya. Ya rage gudu, ya karkata hannu hagu, fedar dama a ƙasa yadda ya saba. Sai ga wata 'yar yarinya, ba ta wuce shekara huɗu ba, ta fito da gudu daga wani shago ta nufo gabansa. Ba tunani ya yi ba. Jikinsa ne ya ce a kauce, ya ƙara murɗa hannun, ya danna feda da ƙarfi don ya fice kafin ta iso. Ƙafar dama ta zo gaba. Taya ta cafke kan takalmin ta tsaya, bayan keken ya tashi, madauri ya riƙe shi, ya kifa da kafaɗa a ƙasa. Bai taɓa yarinyar ba, tsakaninsu akwai kamu guda. Amma akwatin ya daki gefen kwata, murfin ya ɓalle, kwalabe arba'in suka watse. Wasu suka fashe, wasu murafunsu suka fice, jini ya fantsama a rigar yarinyar, a fuskarta, a gashinta. Ta tsaya ta dubi hannuwanta ta tsala ihu.

Uwar ta fito ta ga 'yarta jina-jina, ta ɗora hannu a ka ta ce mai keke ya kashe mata 'ya. Babu wanda ya tambayi komai. Mai katakon ne ya fara, da guntun katako mai ƙusa a baki, ya sauke masa a gadon baya. Masu sauke kaya suka diro daga mota. Wani ya yi ƙwallo da kansa, wani ya tattake masa haƙarƙari, wata mata ta kwaɗa masa kujerar roba har ta tsage. Yana cewa jinin asibiti ne, ba nata ba ne, bakinsa na cika da nasa jinin maganar ba ta fita. Ƙafarsa ɗaya tana cikin madauri har lokacin. Da ya ga wani ya ɗaga bulo zai sauke a kan tayar gaba, sai ya ja jiki ya kwanta a kan keken, bulon ya sauka a kafaɗarsa. Aka fara cewa a kawo taya da fetur.

Wata tsohuwa mai sayar da sabulu ce ta cece shi, ita ma ba don shi ta yi ba. Yarinyar ta ja gefe ta kwara mata ruwa don ta ga inda raunin yake ta ɗaure. Ta wanke fuska babu komai. Ta tuɓe rigar, ta juya ta gaba da baya, ko ƙwarzane babu. Ta ɗaga yarinyar sama tsirara tana nuna wa mutane tana ce musu marasa kunya. A hankali hannuwa suka sauka. Kowa ya tuna yana da shago. Mai katako ya jefar da katakonsa ya ce ai shi ma mai keken da ganganci, wa ya ce ya riƙa yawo da jinin mutane a kasuwa.

Haƙarƙari biyu suka karye, ɗinki goma sha huɗu a kai da baya, kunnen hagu ya daina ji sosai har yau. Keken kuwa fenti kawai ya goge.

Yaya ya zo asibiti da kayan aikinsa a jiki. Bai ce sannu ba. Ya ɗaga zanen ya duba bayan, ya duba kan, ya tambayi wanda ya fara. Sawu ya ce bai gani ba. Yaya ya ce to zai je ya tambayi lungun gaba ɗaya. Ya fita da bututun ƙarfe mai tsawon hannu, ya isa da ranar Allah, ya tarar da mai katako yana cin abinci. Ya karya masa hannun dama a wuri biyu, ya kife teburin, ya farfasa gilashin motar, masu sauke kaya suka haura katanga. 'Yan sanda suka tafi da shi, manyan layi suka shiga tsakani aka sasanta, ya fito yana cewa saura uwar yarinyar, don dai mace ce.

Da aka sallami Sawu, Yaya ya zo gida ya zauna a bakin gado, gadon ya yi ƙara. Yanzu tambayarsa ɗaya ce: me ya kayar da shi? Mutumin da ke tsere da motoci, ya faɗi yana tafiya kamar mai tura amalanke? Sawu ya ce santsi ne. Matarsa tana bakin ƙofa da kwano a hannu, tsoron Yaya take ji fiye da na mijinta, kuma ta gaji da wanke jini. Ta ce ba santsi ba ne, Yaya, takalminsa ne ke taɓa taya, ai da tef ɗinta ya auna.

Yaya ya tashi ya jawo keken tsakar ɗaki. Ya ɗora takalmin a kan feda, ya juya hannu, ya ga inda suka haɗu. Ya sa babban yatsansa a wurin.

"Wannan? A kan faɗin yatsana aka kusa ƙona min ƙane?"

Ya ce abin ai ba aiki ba ne. A zafafa fok, a zura bututu, a ja shi gaba kaɗan, taya ta yi nesa da ƙafa, shi ke nan. Ya miƙe ƙofofin da mota ta taka, balle wannan tsinken. Sawu ya gaya masa abin da tsoho ya ce, alminiyum ne, ba ya son wuta. Yaya ya ce shi gurgun mai faci zai koya wa ƙarfe? Sawu ya dafa haƙarƙarinsa ya tashi zaune, ya ce a'a. Bai taɓa faɗa wa Yaya wannan kalma ba tun da aka haife shi, shi kansa sai da ya ji ta baƙuwa a bakinsa. Yaya ya dube shi ya daɗe. Ya ce don yana kwance ne ya ƙyale shi, ya fita.

Da safe Sawu ya farka ya ga bango babu keke. Matarsa ta ce Yaya ya aiko tun da sassafe, ita kuma ba ta da bakin hanawa. Ya zura takalmi ya fita yana bin bango, kowane numfashi kamar ana soka masa wuƙa a gefe.

Shagon Yaya rumfar kwano ce a saman wata gangara, da tukwanen gas biyu a ɗaure da sarƙa, da teburin ƙarfe mai matsi, ƙofofin mutane jingine a bango. Tun daga nesa Sawu ya ji ƙaurin fenti. An cire tayar gaba, an kife keken an danne shi a matsi, Yaya ya sa baƙin tabarau yana lasar wuyan fok da shuɗiyar wuta. Fentin ya kumbura ya yi baƙi ya zube.

Ƙarfen da Yaya ya sani yana faɗa wa mutum lokacinsa. Ya yi duhu, ya yi ja, ya yi kamar garwashi, a nan ake lanƙwasa shi. Alminiyum ba ya ja. Yana nan fari har ya lalace. Yaya kuwa jan yake jira, da ya ga ya ƙi zuwa sai ya ƙara buɗe gas yana tsaki, yana cewa wane irin ƙarfe ne wannan mai taurin kai kamar mai shi.

Sawu bai yi sallama ba. Ya wuce kai tsaye ya murɗe kan tukunyar gas, wutar ta yi fat ta mutu. Yaya ya ɗaga tabarau, ya ajiye abin hannunsa a hankali, ya sakar masa bayan hannu a baki. Sawu ya faɗa kan teburin, hannunsa ya sauka a kan babbar sifana. Bai san lokacin da ya ɗaga ta ba. Ya kwaɗa wa Yaya a damtse, ya ƙara masa a kafaɗa, ta uku ta sami gefen gira ta fasa. Tela na kusa ya tsayar da kekensa na ɗinki, mai wankin mota ya saki tiyo ruwa na zuba. Yaya ya shafa girar ya dubi jinin a yatsunsa kamar na wani ne. Sannan ya shaƙo ƙanensa da hannu ɗaya, ya ɗaga shi sama ƙafafun na lilo, ya maka shi da ƙofofin da ke jingine. Ƙofofi uku suka zube da ƙara. Ɗinkin bayan ya ɓalle. Takalmi ɗaya ya fice ya yi gefe. Da tela da mai wankin mota ba su rungume Sawu sun ja shi waje ba, suna ba Yaya haƙuri suna cewa ɗan'uwanka ne, mara lafiya ne, da abin ya wuce haka.

Yaya ya sake kunna wuta, jini na ɗiga daga girarsa yana ƙonewa a kan tebur. Ya ƙara gasa wurin, ya zura bututu a reshe ɗaya ya ja, ya zura a ɗayan ya ja. Suka biyo shi ba gardama, har ya yi murmushi. Ya kwara ruwa, tururi ya tashi. Ya mayar da taya ya ɗaure, ya sauke keken, ya tsinci takalmin Sawu da ya faɗi ya ɗora a feda, ya juya hannu hagu, ya juya dama. Taya ta wuce sumul. Tsakaninta da takalmin yatsu biyu sun shiga har da saura. Mutanen da suka taru suka ce kai, Yaya sai Allah.

Ya turo keken gaban ƙanensa.

"Hau."

"Ba zan hau ba, Yaya. Ka kashe shi. Zai karye."

"Aikina ne zai karye?"

"Ba aikinka ba ne, ƙarfen ne. Ka bar shi, na yafe keken."

Wannan yafewar ce ta fi ɓata wa Yaya rai. Ya dubi mutanen da suka ji an ce aikinsa zai karye. Ya ce to ƙofofin gidajensu duk su je su cire tun da shi bai iya ba. Ya ɗaga ƙafa ya haye. Sawu kilo hamsin da huɗu ne, Yaya ya haura ɗari. Gwiwoyinsa suna dukan hannun keken, sirdin ya ɓace a ƙarƙashinsa, yara suka fara dariya. Sawu ya fizge daga hannun tela ya rarumi bayan sirdin da hannu biyu yana cewa ya sauka don Allah, ya sauka don darajar Inna. Yaya ya miƙa ƙafa baya ya tokare shi a daidai haƙarƙarin da ya karye. Sawu ya saki.

Yana durƙushe yana neman iska ya ga keken ya kama gangara. Da farko yana tangal-tangal, sannan ya miƙe, ya ɗauki gudu. Yaya har ya saki hannu ɗaya ya ɗaga wa layi. A ƙasan gangarar akwai kwalbati mai ɗan tudu a baki. Sawu ya san abin da kowane baƙon keke ke yi a nan, ya ga kuma an yi shi: Yaya ya damƙe birkin gaba da ƙarfinsa duka.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an karya busasshen rake. Rassan biyu suka ɓalle a daidai inda wuta ta ci, tayar ta fice ta tafi ita kaɗai, Yaya ya tafi da fuska a kan simintin kwalbati, hannuwansa na riƙe da hannun keken har lokacin.

Sawu bai san yadda ya sauka gangarar ba, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ya juya wansa ya ga abin da ya rage na bakin. Ya zura yatsu ya zaƙulo haƙoran da suka tafi maƙogwaro, ya karkata kan gefe don kada jini ya shaƙe shi, ya cire rigarsa ya danna. Mutane suna cewa a kai asibitin kusa, ya ce a'a, can babu likitan ƙashi, ya faɗi wanda za a je. Shi ya san su duka bakwai, ya san mai me da mai me. A cikin mota kan Yaya yana kan cinyarsa, yana jin nauyinsa, bai taɓa sanin kan mutum yana da nauyi haka ba.

Haƙora bakwai suka tafi. Muƙamuƙi ya karye wuri biyu, ƙashin kunci ya lotsa, wuyan hannun dama ya tsage. Aka ɗaure bakin da waya, sai abu mai ruwa ta tsinken roba.

Tsoho ya karɓi gangar keken ya duba, bai ce ai na faɗa ba, ya dai girgiza kai. Ya tono wani tsohon fok na baƙin ƙarfe a cikin tarkacensa ya ɗaura. Ya fi na da nauyi, kuma da Sawu ya gwada, takalmin na shiga santimita biyu da rabi. Ya ce ya ji, a bar shi haka. Da haƙarƙarin ya haɗe ya koma aiki, da sabon akwati mai makulli biyu.

Ranar da ya fara zuwa gaida Yaya a kan keken, matar Yaya ta tare shi a zaure ta ce kofi huɗu ya fasa tun safe, yaran duk sun gudu maƙwabta. Sawu ya jingine keken a tsakar gida ya shiga. Yaya yana kishingiɗe a gadon da ya ƙera da hannunsa, ya rame, fuskar ta karkace. Ya ji ƙarar sarƙa, idonsa na kan taga. Maganar ta fito ta tsakanin waya, da ƙyar ake ganewa.

"Shigo da shi in ga abin da gurgun ya sa."

"Daga nan ma kana ganinsa, Yaya."

Hannun Yaya na hagu ya tashi, shi ne mai lafiya. Sawu ya cafke shi a wuya. Har yanzu akwai ƙarfi a ciki, ya ji shi yana turowa, gadon yana rawa, haƙarƙarinsa yana amsawa. Bai mayar ba, bai saki ba. Suka tsaya a haka suna kallon juna har gumi ya karyo wa Yaya, hannun ya yi sanyi da kansa. Sawu ya ajiye masa shi a kan zane.

"Ka raine ni, ban manta ba. Amma daga ni har keken, an gama."

Ya ɗauki kofi na biyar ya gyara tsinken ya kai masa baki. Yaya ya juya fuska bango.

Bakin ya warke a karkace. Yaya ya koma shago, walda sai ta hannun hagu, manyan ƙofofi ya daina karɓa. Ba ya amsa gaisuwar ƙanensa, amma ba ya korar sa, kuma bai sake ɗaga masa hannu ba. Sawu yana zuwa duk mako bayan ya sauke akwati. Yakan ɗaure keken a jikin turken wuta a tsallaken titi, ya tako da ƙafa, ya zauna a kan benci ya riƙe wa Yaya bakin ƙarfe in yana yanka.